Runduna ɗaya tak a bakin Sahara: me sojojin Rum suke tsaro a Lambaesis?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana uku ke nan wata magana tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo ta nan mu sa baki tare. Darasi nake shiryawa a kan Daular Rum, sai na tsaya duba yadda suka rarraba sojojinsu. Tsibirin Birtaniya, wanda ba su ma mallake shi duka ba, runduna uku suka girke a cikinsa. Amma tun daga gabashin Aljeriya ta yau, a haɗo Tunisiya, a miƙe har yammacin Libiya, runduna ɗaya tak ce, ta uku, wadda suke yi wa laƙabi da Augusta. Rundunar Rumawa kuwa ko ta cika ta batse ba ta wuce mutum dubu biyar da 'yan ɗaruruwa.

Kuma ba ƙasar da za a yi sakaci da ita ba ce. Josephus, marubucin nan Bayahude na ƙarni na farko, ya ce hatsin Afirka ne ke ciyar da birnin Rum wata takwas a shekara, na Masar ya cike sauran huɗun, kuma shi da kansa ya ambaci cewa runduna ɗaya ce ke riƙe da ƙasar. Rumbun daula guda ke nan aka bar wa mai gadi ɗaya.

Barikinsu na farko da aka sani yana Ammaedara, Haidra ta yau, a yammacin Tunisiya. Wajen shekara ta 75 miladiyya suka koma Theveste, wato Tebessa. Daga nan suka ƙara nausawa yamma zuwa Lambaesis, a gindin duwatsun Aures, inda aka fara kafa ƙaramin sansani a shekara ta 81, rundunar kuma ta tare gaba ɗaya kafin Sarki Hadrian ya kai musu ziyara a 128. Tambayata ita ce, me suke tsaro, kuma daga wa? In dai wani babban yaƙi ake jira daga hamada, lissafin bai fita ba.

Kawu Sule:
Wa alaikumus salam Malam. Ni da na sa kaki shekara ashirin da biyu zan gaya maka, mutum dubu biyar ba sa rufe iyaka mai wannan tsawo, ko da motoci da oba-oba aka ba su, balle ƙafa da doki. Sai dai kada a manta da sojojin taimako. Kowace runduna tana da dakarun da ba 'yan ƙasar Rum ba ne, mahaya da maharba, kuma su ne ke zaman ƙananan sansanoni. A El Kantara, mashigar dutsen nan da ake bi a gangara Biskra, har maharba daga Tadmur da Hims na ƙasar Sham aka ajiye, mutanen da suka san zaman busasshiyar ƙasa tun a gida. To amma ko an haɗa da su, adadin bai wuce ya ninka sau biyu ko ɗan fiye ba. Saboda haka tambayarka tana nan daram.

Mamman Ɗan Damagaram:
Malam ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. A Batna ta ƙasar Aljeriya na yi karatu, kuma Lambaesis, da yanzu ake ce wa Tazoult, tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Na je ya fi a ƙirga. Barikin kansa wajen mita 500 ne a tsawo, 420 a faɗi. A tsakiyarsa akwai wani ƙaton gini na dutse mai ƙofofi ta fuska huɗu, har yau yana tsaye, manyan tsuntsaye dangin shamuwa sun yi sheƙa a kansa. In ka tsaya a cikinsa za ka ga manyan titunan barikin a nan suka haɗu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba ginin ba ne, duwatsun kaburbura ne da jerin sunayen sojoji. Rumawa suna rubuta garin da kowane soja ya fito a gefen sunansa. A farkon zamani za ka ga mutanen Italiya da Gaul da ƙasashen gabas. Da tafiya ta yi tafiya sai ka ga Kartaj, Cirta, Theveste, sannan wata kalma da take ta maimaituwa, "castris", ma'ana ɗan bariki, wanda aka haifa a unguwar da ke bayan katanga. Doka ta hana soja aure har zuwa zamanin Sarki Septimius Severus, amma ai mutum ba ya shekara ashirin da biyar a wuri ba iyali. 'Ya'yan sai su taso su gaji uba. Don haka duk sanda muka ce "Rumawa" a maganar nan, mu sani tun daga ƙarni na biyu yawancinsu 'yan Afirka ne haifaffun wurin.

Ummi:
Ikon Allah. Yaya Mamman, ke nan 'yan ƙasa ne suke tsare 'yan'uwansu?

Hajiya Rabi:
'Yata kin riga ni faɗa. Kuma Malam Nasiru, amsar tambayarka tana cikin labarin Takfarinas, ba sai an wahala ba. A shekara ta 14 wannan runduna ta fasa hanya daga Ammaedara, ta bi ta Gafsa, ta kai Gabes a bakin teku. Duwatsun mil ɗin suna nan da rubutunsu. Hanyar ta ratsa ƙasar kiwon ƙabilar Musulamii. Shekara uku kacal bayan haka, a 17, ƙasa ta ɗau wuta. Takfarinas ɗan Numidiya ne, ya yi aikin soja a cikin dakarun taimakon Rum, ya gudu, ya koya wa mutanensa jerin gwanon yaƙi irin na Rumawa. Shekara bakwai yana ba su ruwa. Sai da aka ɗauko wata runduna, ta tara, tun daga Pannonia a Turai ta zo ta kama musu. Tacitus, marubucin tarihin Rum, ya rubuta cewa an riga an kafa gumaka uku na nasara a birnin Rum don karrama janar-janar da aka ce sun gama da shi, alhali mutumin yana nan yana cin karensa ba babbaka.

Kuma me ya nema? Ya aika jakadu wurin Sarki Tiberius ya ce a ba shi da mutanensa ƙasar da za su zauna, in ba haka ba yaƙi ba ranar ƙarewa. Ƙasa ya nema, ba ganima ba. Tiberius ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska mafi girma, wai ɗan fashi, gudajjen soja, ya aiko masa da sharaɗi. A 24 Gwamna Dolabella ya yi musu dirar mikiya da asuba a Auzea, Takfarinas ya ƙi yarda a kama shi da rai, ya faɗa cikin masu. Bayan 'yan shekaru, wajen 29 zuwa 30, sai ga rundunar nan ta fito da igiyar awo tana yanka ƙasar kudancin Tunisiya gida-gida, tana kafa duwatsun iyaka da sunanta a jiki. Wannan shi ne aikin. Ba baƙi daga hamada suke tarewa ba, masu ƙasa suke dannewa don alkama ta samu fili.

Kawu Sule:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, amma kin bar rabin labarin. Takfarinas ɗin nan ƙauyuka yake ƙonewa, yana kwashe kaya, kuma mutanen ƙauyukan ba daga Italiya suka zo ba, manoma ne 'yan ƙasa irinsa. Wanda aka ƙona wa rumbu ba ruwansa da wa ya fara zalunci. Ni na tsaya a garin da aka kai wa hari da dare, na ga idon mutane da safe. Duk wanda ya zo musu da kariya a ranar, shi ne nasu.

Sannan sojan ma ba a kan gadon fure yake ba. A wannan yaƙin wata bataliya ta juya da baya a kusa da kogin Pagyda, ta bar kwamandanta Decrius yana faɗa shi kaɗai har aka kashe shi. Gwamna Apronius ya sa aka jefa ƙuri'a, duk mutum goma aka fitar da ɗaya, aka kashe shi da kulake. Tsohon hukunci ne da aka daɗe da bari, ya tono shi. Bayan wannan 'yan mazan jiya ɗari biyar suka kori rundunar Takfarinas a Thala. Duk sanda na karanta wurin nan sai jikina ya yi sanyi, don na san mene ne tsoro a bakin daga, kuma na san wanda ƙuri'ar ta faɗa wa ba lallai shi ya fara gudu ba.

Hajiya Rabi:
Ban musa ba Kawu. Amma ka duba, duk abin da muka sani game da Takfarinas daga bakin maƙiyinsa muka ji. Tacitus sanata ne na Rum. Ko da haka gaskiya ta kufce masa, ya ambaci maganar ƙasa.

Buba:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma an zo wurin da na sani, don a ruga na tashi. Ku duba ganuwar da ake kira Fossatum Africae. Wani hafsan sojan saman Faransa, Jean Baradez, shi ya bi ta da hotunan jirgi ya fitar da littafi a 1949. Rami ne da katanga da hasumiyoyi, amma ba a haɗe take ba. Gutsure-gutsure ce, nan wani yanki, can wani, tsakaninsu fili fetal. Wadda ke kusa da sansanin Gemellae, kudu da Biskra, wajen kilomita 60 ce, sai ta ƙare. Mayaƙi a kan doki zagayawa kawai zai yi. Amma mai garken tumaki dubu, da mata da yara da jakuna, ba ya zagaye, dole ya bi inda ruwa yake, kuma a nan aka sa ƙofa.

Can ƙasar da sanyi ake ruwa. Makiyaya suna yin hunturu a kudu, bakin hamada, in zafi ya shigo ciyawa ta ƙone sai su hauro arewa. Matsalar ita ce lokaci. In suka iso kafin a yanke alkama, ɓarna ce da faɗa. In suka iso bayan girbi, dabba ta ci ragowar gona ta bar taki, samari su yi ƙwadagon girbi, a yi musanyar ulu da fata da hatsi, kowa ya amfana. Wanda ke riƙe da ƙofa shi ke cewa yau za a wuce ko sai nan da sati biyu. A ganina wannan ne aikin da mutum dubu biyar za su iya. Burtali suke tsaro, da lokacin buɗe shi.

Malam Nasiru:
Malam Buba, Allah ya saka da alheri, ka warware mini wani ƙulli. Kuma akwai shaidar da ke goyon bayanka. A Zarai, arewa maso yammacin Lambaesis, an samu dutse na shekara ta 202 da aka rubuta kuɗin fito a kansa. An jera dawaki, alfadarai, jakuna, shanu, tumaki, awaki, sannan tufafi, fatu, dabino, ɓaure, ruwan inabi. Kuɗin ba shi da yawa, kuma dabbar da aka kawo don cin kasuwa an yafe mata. Wanda ke son hana mutane shigowa ba ya zama ya tsara musu farashin shiga.

Hajiya Rabi:
Malam ka tsallake layin farko na dutsen. Bawa ne a sama, dinari ɗaya da rabi, daidai da doki, daidai da alfadari. Wannan ƙofar da kuke yabo har da mutane ake kora ta cikinta. Kuma Buba, ɗana, kafin a gina ƙofar wa ke ba kakannin Musulamii izinin hawa arewa? A zamanin Trajan duwatsu aka kafa musu aka ce ga iyakar ƙasarku, gefe guda gandun sarki, gefe guda gonakin manya. Wanda ya ƙwace maka fili sannan ya buɗe maka ƙofa da sharaɗi, ba alheri ya yi maka ba.

Buba:
Gaskiyarki ne Hajiya, ni ban ce adalci ba ne. Na faɗi yadda abin yake aiki ne kawai. Makiyayi ya fi kowa sanin zafin a ce masa tsaya nan alhali dabbarsa na jin ƙishi.

Ummi:
Don Allah dinarin nan shi ne dinarin da muka sani?

Malam Nasiru:
Sunan dai daga nan ya samo asali, Ummi, Larabci ya aro shi daga kuɗin Rumawa. Sai dai nasu na wancan zamani na azurfa ne. Tun daga mulkin Domitian albashin sojan runduna dinari 300 ne a shekara, kuma a ciki ake yanke masa kuɗin abinci da sutura.

Kawu Sule:
Bari in kawo jawabin Hadrian, don shi ya fi komai nuna yadda rundunar take a warwatse. A watan Yulin 128 ya zo ya kalli atisaye, abin da ya faɗa kuma aka sassaƙa a gindin wani ginshiƙi a filin fareti, guntayensa sun kai zamaninmu. Ya ce kwamandansu, Fabius Catullinus, ya riga ya kawo masa uzurinsu: bataliya ɗaya kullum tana can wurin gwamna ana musanya ta shekara-shekara, an ɗebi wata bataliya da mutum huɗu-huɗu daga kowace ƙungiyar ɗari an tura wata runduna, ƙananan sansanoni masu nisa da juna sun raba su, kuma sun tashi bariki sau biyu sun gina sabo. Ya ce da sun gaza da ya karɓi uzurin, amma ba su gaza ba. Wata ƙungiyar dakarun taimako kuma ya yabe su don katangar da wasu ke kwanaki suna yi sun tayar da ita a yini ɗaya, da manyan duwatsu marasa daidaito, suka kuma haƙa rami a cikin tsakuwa mai tauri suka gyara bakinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa fareti ya san daɗin babba ya lura da irin dutsen da ka ɗauka, ba kawai ya ce an gode ba.

Injiniya Bashir:
Tunda an zo maganar gini, ni labarin Nonius Datus ne ya kama ni. Safiyo ne na wannan runduna. Garin Saldae, Bejaia ta yau, yana fama da ƙarancin ruwa, ba su da gwani, sai gwamnan lardin ya roƙi kwamandan Lambaesis aron mutum. Datus ya je ya auna, ya kafa turaku a kan dutsen da za a huda, ya zana taswira ya miƙa, ya koma bakin aikinsa. Shekaru suka shuɗe aka sake aiko masa cewa aiki ya cije. A hanya 'yan fashi suka tare shi, shi da kansa ya rubuta cewa tsirara ya tsira da raunuka. Ya iso ya tarar kowa ya yanke ƙauna, domin masu haƙa daga fuska biyu sun haƙa abin da ya fi faɗin dutsen tsawo amma ba su haɗu ba. Kowane ɓangare ya karkata damarsa, sun saɓa. Ya sake awo, ya sa gasa tsakanin sojojin ruwa da wasu dakarun taimako, har suka haɗu a tsakiya, ruwa ya gudana wajen shekara ta 152. Ramin mita 428 ne. A kan dutsen da ya ba da labarin an sassaƙa kalmomi uku: haƙuri, jarunta, fata. Ni da na taɓa ganin bututu biyu sun saɓa da taku ɗaya kacal, na san irin daren da mutumin nan ya kwana.

Ga kuma garin Timgad da rundunar ta kafa a shekara ta 100 don 'yan mazan jiya. Hajiya, wannan ma ai a lissafa musu.

Mamman Ɗan Damagaram:
Timgad kam sai wanda ya gani. Tituna a miƙe kamar an ja da zare, sawun ƙafar keken doki ya ci dutsen titi har ka iya sa tafin hannunka a ciki, ga ɗakin karatu, ga gidajen wanka. A dandalin garin wani ya sassaƙa a kan dutse cewa farauta da wanka da wasa da dariya, wannan ita ce rayuwa.

Hajiya Rabi:
Na lissafa musu Injiniya, ruwa rahama ne ko wa ya jawo shi. Amma filin da aka raba wa 'yan mazan jiya a Timgad ba daga sama ya faɗo ba.

Ummi:
Ni wata tambaya ce ke cina. Na taɓa ganin an rubuta cewa sojojin Rum sun zo har kogin Kwara da Tafkin Chadi. Wannan rundunar ce?

Malam Nasiru:
A yi hattara da wannan, Ummi, ana yawan ƙara mata gishiri. Ga abin da ke rubuce. Cornelius Balbus ya kai yaƙi Gadamas da Garama, babban birnin Garamantawa, mutanen hamadar Fezzan a kudancin Libiya ta yau, aka yi masa bikin nasara a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wani mai bincike Bafaranshe, Henri Lhote, shi ne ya yaɗa cewa ya kai Kwara, bisa kamannin wasu sunaye, kuma yawancin masana ba su karɓa ba. Sannan Ptolemy, masanin labarin ƙasa na wancan zamani, ya kawo labarin mutum biyu. Septimius Flaccus ya yi tafiyar wata uku kudu da ƙasar Garamantawa da sojoji. Julius Maternus kuma ya taso daga Lepcis Magna, ya bi sarkin Garamantawa da ya fita yaƙi, suka yi wata huɗu har wata ƙasa Agisymba inda karkanda ke taruwa. Wasu sun ce yankin Tafkin Chadi ne, wasu Azbin, wasu Tibesti. Ptolemy da kansa ya rage nisan da aka ba da. Abin lura, Maternus rakiya ya yi, mai hanya shi ne sarkin Garamantawa. Su ke da rijiyoyi, su ke da magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa, su ke da kasuwar. Kayan Rum sun ratsa hamada ta hannunsu, har a kabarin Tin Hinan, wadda Buzaye ke ɗauka kakarsu, a Abalessa ta kudancin Aljeriya an samu fitilar Rumawa da tambarin kuɗin Sarki Constantine. Amma bariki bai taɓa tsallakowa ba.

Iyakar da rundunar ta kai ta zauna ita ce ta zamanin Severus, shi ma ɗan Lepcis Magna ne. Kwamandansa Anicius Faustus ya kafa sansanin Dimmidi a 198, na Bu Njem a 201, aka kuma sa sojoji a Gadamas da Gheriat el-Garbia. Duk a bakin hanyoyin ayari suke. Gadamas ɗin nan ita ce dai wadda fatakenta suka zauna a Kano ƙarnoni bayan haka. Barth ma, matafiyin nan Bajamushe, da ya taso daga Tarabulus a 1850 ya bi ta ƙofar sansanin Gheriat, ya ratsa Azbin, ya iso Kano a 1851.

Buba:
Bu Njem ce ta fi taɓa ni. Masu tono sun samu tsingaro sama da ɗari da sojoji suka yi rubutu a kai, don can takarda tsada gare ta. Na wajen shekarun 250 ne. Rahoton safiya ne: yau mutum kaza ne a sansani, wajen hamsin zuwa sittin, ɗaya a ƙofa, ɗaya a hasumiya, wasu a gidan burodi, wasu suna hura wutar gidan wanka, wane ba lafiya, wane ana masa bulala. Wani tsingaron yana sanar da isowar Garamantawa ɗauke da sha'ir, alfadarai huɗu da jakuna huɗu, wani kuma yana maganar wani bawa da ya gudo. Wasu kuma takardun rakiyar alkama ne da masu raƙuma suka kawo, an rubuta awon da ma'aunin mutanen wurin sannan aka juya shi zuwa na Rumawa. Mutum hamsin a tsakiyar rairayi suna ƙirga jakuna huɗu. Ga aikin iyakar nan a idonka.

Mamman Ɗan Damagaram:
Kuma a nan ne wasu hafsoshi biyu, kowanne shugaban sojoji ɗari, suka bar waƙoƙi. Na farko, Avidius Quintianus, ya gina gidan wanka ya rubuta baitoci yana cewa a zo a sanyaya jiki daga zafin iskar kudu. Na biyu, a 222, sunansa Porcius Iasucthan, suna ne na mutanen Libiya tsantsa, ya yi waƙar yabon sojojinsa da suka sake gina ƙofar sansani. Latin ɗinsa duk kurakurai ne, ma'aunin waƙar ma bai zauna ba, masana harshe suna nazarinsa saboda haka. Ni kuwa ina ganin mutum ne da ya koyi harshen a bariki, ya hau har ya shugabanci ɗari, ya ga yaransa sun sha wahalar jan dutse, ya ce sai an rubuta.

Kawu Sule:
To ga gwajin da zai raba gardama. A 238 masu gonaki a Thysdrus suka kashe mai karɓar haraji, suka naɗa gwamnan lardin, dattijo Gordian, sarki tare da ɗansa. Capelianus, kwamandan Numidiya, ya tsaya wa Sarki Maximinus, ya ja sojoji zuwa Kartaj, aka kashe ɗan a fagen fama, uban ya rataye kansa, mulkinsu bai kai wata guda ba. Cikin shekarar jikansa Gordian na Uku, yaro ɗan shekara 13, ya hau gado, aka rushe rundunar, aka warwatsa mutanenta. Dimmidi aka bar ta. Shekara 15 ba runduna. Da Sarki Valerian ya mayar da ita a 253, ƙasar tana cikin tarzomar ƙabilun Bavares da Quinquegentiani da wani jagora Faraxen, aka yi shekaru ana fama. Hajiya, kin ga da aka ɗauke mai gadi abin da ya biyo baya.

Hajiya Rabi:
Na gani Kawu, kuma ka ba ni hujja biyu. Na ɗaya, babban yaƙin da rundunar ta yi a wannan ƙarnin a Kartaj ta yi shi, a kan mutanen lardin da suka gaji da haraji. Ba ma shi ne farau ba, a 68 kwamandanta Clodius Macer ya yi tawaye ya nemi riƙe hatsin Rum. Na biyu, waɗanda suka tashi a shekarun 250 mutanen duwatsu ne na cikin ƙasa, ba wasu baƙi daga bayan ganuwa ba. Shekara 15 ƙofa ba runduna, hamada ba ta malalo ta cinye Timgad ba.

Kawu Sule:
Don dakarun taimako suna nan ne, Hajiya, ba a bar ƙofar a buɗe ba. Masu tsingaron Bu Njem ma ai irinsu ne. A wannan kam ba za mu daidaita ba.

Malam Nasiru:
Ba sai kun daidaita ba, ni dai darasina ya samu nama. Malam Mamman, an ce har sunan rundunar aka kankare daga duwatsu bayan 238. Ka ga irinsu?

Mamman Ɗan Damagaram:
Na gani, Allah ya gafarta Malam, kuma na shafa da hannuna. Za ka ga layin rubutu yana tafiya sumul, sai ka zo wurin sunan ka ji dutsen ya lotsa, an sassabe shi da kurfi. A cikin lotsawar kuma sai ga haruffan an sake sassaƙa su, LEG III AVG, aikin 253. A Gemellae an samu dutsen da sojojin da aka kai Raetia, can bayan duwatsun Alps, suka kafa ranar da suka dawo, 22 ga Oktoban 253. Wasunsu sun tafi da ƙuruciya sun dawo da furfura.

Hajiya, ga wani abu da zai ƙara miki. Da Faransawa suka shigo yankin, Kanar Carbuccia ya gyara kabarin wani hafsan rundunar, Flavius Maximus, a 1849, ya sa sojojinsa suka yi masa harbin girmamawa, don suna ɗaukar kansu magadan Rum. Ba a jima ba suka gina kurkuku a kan kusurwar barikin, da duwatsun barikin, suka zuba fursunonin siyasa. Kurkukun yana nan har gobe, in kana tsaye a tsakiyar kangon kana hango katangarsa. Hotunan suna cikin tsohuwar wayata, in na koma gida da daddare zan nemo in turo, har da na dutsen da aka kankare.

Ummi:
Don Allah Yaya Mamman a haɗo da na jerin sunayen, wurin da aka rubuta 'yan bariki. Shi nake so in gani.